Mai raino a Amurka da kuɗin da take kashewa a kan aiki: ko ana cire su daga haraji?

Wata Hajiya daga unguwar Birni, a nan Damagaram, ta aiko mini da tambaya a kan ƙanwarta da ke zaune a birnin Niyok na ƙasar Amurka, inda take rainon yara biyu a gidan wasu ma'aurata. Ga taƙaicen abin da ta rubuto. Ƙanwar tana zuba mai a motarta don kai yaran makaranta da ɗauko su, tana saya musu 'yan kayan wasa da abin taɓawa daga aljihunta, ta biya kuɗin koyon taimakon gaggawa, kuma wayarta kusan kullum a kan aikin take. Wata ƙawarta ta ce mata ana cire duk waɗannan daga haraji, muddin ta yarda masu gidan su ba ta takardar 1099, wadda ake ba mai zaman kansa, maimakon W-2, wadda ake ba ma'aikaci mai albashi, su kuma masu gidan sun nuna cewa hakan ya fi musu. Hajiya tana son ta san ko maganar gaskiya ce, kuma ko hukuncin ɗaya ne da na yarinyar da ke rainon jikokinta a nan gida.

Hajiya, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali, na gode da wannan tambaya. Na yi shekaru ina cike wa 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma takardun haraji a can kafin in dawo gida in ci gaba da aikin akanta, kuma babu shekarar da ba a kawo mini irin wannan magana ba, sau da yawa bayan an riga an yi kuskuren. Amsata ita ce kada ƙanwarki ta yarda. A dokar harajin tarayya ta Amurka, mai rainon da ke aiki a gidan mutane ma'aikaciyarsu ce, kuma ma'aikaci ba ya cire kuɗin da ya kashe a kan aiki daga harajinsa. Amma kuɗin nata ba su tafi a banza ba, domin ba hukumar haraji ce ya kamata ta nema ba, masu gidan ne ya kamata su mayar mata da su, kuma doka ta tanadi hanyar yin hakan ba tare da an ɗora wa kuɗin haraji ba. Kafin in shiga lissafi, ki lura cewa duk inda na ce dala a wannan amsa ina nufin dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Ruɗanin yana farawa ne daga kalmar "cirewa" kanta. Mutane da yawa suna ɗaukar cewa idan ka kashe dala 2,000 a kan aiki ka rubuta su a takardar haraji, gwamnati za ta mayar maka da dala 2,000. Ba haka abin yake ba. Abin da ake yi shi ne a rage 2,000 ɗin daga kuɗin shigar da za a lissafa harajin a kansu, sai harajin ya ragu gwargwadon kason da kake biya. Mai raino da ke samun matsakaicin albashi yawanci tana cikin rukunin kashi 12 cikin 100, wato cire dala 2,000 zai rage mata harajin kuɗin shiga da dala 240 kacal, sauran 1,760 kuwa sun fita daga aljihunta har abada. Idan masu gidan ne suka mayar mata, 2,000 ɗin duka za su dawo hannunta. Wannan bambanci shi kaɗai ya isa ya nuna miki ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Sai batun matsayinta. Ba ita ce ke zaɓar ko ita ma'aikaciya ce ko mai zaman kanta ba, kuma masu gidan ma ba su da wannan zaɓi, ko da sun rubuta yarjejeniya sun sa hannu. Hukumar harajin Amurka, IRS, tana duba wanda ke da iko a kan yadda ake yin aikin. Idan masu gidan ne suka ce ta zo ƙarfe bakwai da rabi ta tashi ƙarfe shida, su ne ke faɗin abin da yaran za su ci, da lokacin barcinsu, da inda za a kai su da inda ba za a kai su ba, kuma a ɗakinsu da kayansu ake aikin, to ita ma'aikaciyar gida ce. Misalin da nake ba mutanenmu shi ne bambancin direban gida da ɗan kabu-kabu. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ki daga Birni zuwa Kasuwar Dole babur ɗinsa ne, shi ya yanke kuɗinsa, kuma yana sauke ki zai ɗauki wani. Man da ya zuba da tayar da ya canza kuɗin sana'arsa ne, kuma daga ribarsa ake cire su. Direban gida kuwa, wanda ke jiran umarnin maigida tun safe, idan ya zuba mai da kuɗinsa ba wanda zai ce jarin sana'arsa ya ƙara, bashi ne maigida ya ci a wurinsa. Ƙanwarki direban gida ce a wannan misali.

Da zarar albashin da gida ɗaya ya biya ta ya kai dala 2,800 a shekarar 2025, doka ta wajabta wa masu gidan su biya mata kuɗin fansho na tarayya da na inshorar lafiyar tsofaffi da ake kira Medicare. Na farko kashi 6.2 ne cikin 100, na biyu kashi 1.45, jimilla 7.65. Ana cire wannan kaso daga albashinta, su ma su ƙara daidai shi daga aljihunsu, sannan su ba ta takardar W-2 kafin ƙarshen watan Janairu. Akwai kuma harajin asusun marasa aiki, wanda ke hawa kansu su kaɗai idan sun biya dala 1,000 a cikin rubu'in shekara ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa takardar 1099 ta fi musu daɗi: tana sauke musu rabonsu da wahalar cike takardu, ta ɗora mata. Ba na cewa duk mai yin haka mugu ne. Na ga iyaye da yawa da ba su san dokar ba, suka bi abin da abokansu suka gaya musu. Sai dai rashin sanin nasu ba ya rage abin da za ta biya.

Ita ma ƙawar tata ba ƙarya ta shirya ba, tsohon labari ne ya haɗu mata da sabo. Har zuwa shekarar 2017, ma'aikaci yana iya rubuta kuɗin aikin da ba a mayar masa ba, idan ya zaɓi jera abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya haura kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa ne kawai ake ƙirgawa. Dokar harajin da aka zartar a watan Disamba na 2017 ta dakatar da wannan dama daga 2018 zuwa 2025, sannan dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da dakatarwar ta dindindin. Ko a lokacin da damar ke nan, masu raino kaɗan ne suka amfana da ita, domin akwai ragin bai ɗaya da kowa ke samu ba tare da ya nuna rasit ko ɗaya ba, kuma ba a haɗa biyun. Wannan ragi ya kai dala 15,750 ga wanda ba shi da aure a 2025, kuma ba na jin akwai mai rainon da kayan wasa da man mota za su kai mata rabin haka.

Yanzu bari mu yi lissafin da ya kamata ƙanwarki ta gani da idonta, domin a nan ne mutane ke gane abin da ake ba su. Mu ɗauka tana samun dala 40,000 a shekarar 2025, ba ta da aure, kuma ta kashe 2,000 a kan aikin. Waɗannan alƙaluma misali ne na kawo, sai ta sa nata a wurinsu. Idan tana da W-2, rabonta na fansho da Medicare dala 3,060 ne, harajin kuɗin shiga na tarayya kuwa kimanin 2,670, jimilla kusan 5,730. Idan ta karɓi 1099, lallai za ta cire 2,000 ɗin nan, ribarta ta zama 38,000. Amma yanzu ita ce ma'aikaciya ita ce kuma uwargijiyar kanta a idon hukuma, don haka rabon ɓangarorin biyu, kashi 15.3 cikin 100, ya hau kanta, abin da ya kai kimanin dala 5,370. Harajin kuɗin shigarta zai sauka zuwa kimanin 1,640 idan an ba ta duk sassaucin da doka ke ba mai zaman kansa, ban rage mata ko ɗaya ba. Jimilla ta haura 7,000 kaɗan. Wato bayan ta cire duk abin da ƙawarta ta lissafa mata, sai ta biya kusan dala 1,300 fiye da da, kuma 2,000 ɗin da ta kashe ba su dawo ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Asarar ba ta tsaya a kuɗin harajin shekara da ake biya a Afrilu ba. Mai 1099 ba a cire mata komai daga albashi, don haka ita ce za ta riƙa tura harajinta sau huɗu a shekara, a Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu, kuma idan ba ta yi ba akwai tara. Ranar da masu gidan suka ce yara sun girma ko za su ƙaura, ba wanda ya biya mata asusun marasa aiki, sai ta yi fafutuka kafin ta samu tallafin da haƙƙinta ne. A jihar Niyok, gidan da ke da ma'aikaciyar da ke yi musu awa 40 ko fiye a mako dole ne su yi mata inshorar rauni a wurin aiki, kuma mai raino tana ɗaukar yaro tana hawa bene da shi kullum. Akwai kuma dokar ma'aikatan gida ta jihar, ta shekarar 2010, wadda ta ba su kuɗin ƙarin lokaci bayan awa 40 a mako, ko 44 ga mai kwana a gidan, da hutun kwana ɗaya a kowane mako, da kwana uku na hutu da albashi bayan shekara guda. Duk waɗannan na ma'aikaciya ne, kuma takardar 1099 tana sa ta zama kamar ta yi shaida da kanta cewa ita ba ma'aikaciya ba ce. Na tuna wata baiwar Allah da ta zo wurina da takardun shekara uku a jaka, ba ta taɓa cike ko ɗaya ba saboda ta ɗauka an riga an cire mata komai. Da muka gama lissafi ta yi shiru na dogon lokaci, sannan ta ce kuɗin ginin da take yi wa mahaifiyarta ne za su tafi. Har yau wannan magana tana damuna.

Hanyar da ta dace ita ce mayar da kuɗi bisa ƙa'ida, kuma sharuɗɗanta uku ne masu sauƙi. Dole kuɗin su kasance an kashe su ne domin aikin. Dole ta nuna shaida a kan lokaci, wanda hukuma ke ɗaukar kwana 60 a matsayin lokacin da ya dace. Idan kuma an ba ta kuɗi tun farko suka yi saura, ta mayar da sauran cikin kwana 120. Idan an cika waɗannan, kuɗin da aka mayar mata ba albashi ba ne, ba sa shiga W-2, kuma ba ita ba masu gidan ba wanda zai biya haraji a kansu. Wannan batu na ƙarshe shi ne abin da za ta riƙe idan za ta yi musu magana, domin yana nuna musu cewa tsarin bai ƙara musu haraji ko ƙwandala ba. Sai dai ta kula da wani kuskure da ake yawan yi: idan suka ce za su riƙa ƙara mata dala 100 kowane wata "na mai" ba tare da rasit ko lissafi ba, wannan albashi ne a idon doka, kuma za a cire masa haraji kamar sauran.

Motar ce ta fi cin kuɗi, kuma ita ce aka fi zaluntar masu raino a kanta, domin suna lissafa man da suka zuba su manta da taya da birki da inshora da tsufan motar. Hukumar tana fitar da ƙima a kowace shekara wadda ta haɗa duk waɗannan: santi 67 (santi ɗari ne dala ɗaya) a kan kowane mil a 2024, santi 70 a 2025, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. Idan tana yin mil 30 a mako wajen kai yara makaranta da asibiti da wurin wasa, a mako 50 ta yi mil 1,500, kuɗinsu dala 1,050 a ƙimar 2025, kuma ana iya biyan ta su cif ba tare da haraji ba. Abin da ake buƙata ɗan littafi ne a cikin motar, ko manhaja a waya, inda za ta rubuta kwanan wata, da inda ta je, da dalili, da nisan tafiyar. Ta rubuta a ranar, kada ta bari sai ƙarshen shekara ta zauna tana tunowa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin ajiye mota da na kan gada ko babbar hanya ana ƙara su daban da rasit ɗinsu. Ina kuma ba ta shawara ta sanar da kamfanin inshorar motarta cewa tana ɗaukar yara saboda aiki, domin wasu yarjejeniyoyin inshora ba sa ɗaukar nauyin haɗarin da ya faru a irin wannan tafiya idan ba a faɗa musu tun farko ba.

Tafiyarta daga gidanta zuwa gidan aikin da komawa ba ta cikin wannan lissafi. Doka tana ɗaukar ta a matsayin hidimar mutum ta kansa, ko ma'aikaci ne ko mai zaman kansa. Amma idan bas ko jirgin ƙasa take shiga, masu gidan suna iya ɗaukar nauyin katin tafiyarta har dala 325 a wata a 2025 ba tare da an ƙirga shi cikin albashi ba, kuma a birni kamar Niyok wannan abu ne da ya cancanci a nema. Kayan wasa da abin taɓawa da kuɗin shiga gidan namun daji ba su da wata gardama, na yaran ne, iyayensu ne za su biya. Mafi sauƙi su ajiye mata wasu kuɗi a ambulan ko su ba ta kati na musamman, ita kuma ta riƙa zuba rasit a wuri ɗaya. Kuɗin koyon taimakon gaggawa ma haka, tunda don lafiyar yaransu ta koya. Game da waya, su yi ittifaƙi a kan kason da ya dace da aikin su rubuta shi. Tufafin da take sawa kuwa, ko da yara ne ke ɓata su, ba a ƙirga su, domin kaya ne da za ta iya sawa a ko'ina.

Na san abin da zai tsaya mata a maƙogwaro, Hajiya, kuma ke ma kin sani. An rene mu a kan cewa ba a ƙirga abin da aka ba yaro. Matar da ta tashi a Damagaram ta ga ana goya ɗan maƙwabta ana ciyar da shi ba a taɓa kawo lissafi ba, da wuya ta buɗe baki ta ce a biya ta kuɗin biskit ɗin da ta saya wa yaron da ta shaƙu da shi kamar nata. Ina girmama wannan kara, kuma ita ce ma ta sa iyaye a can suke son matanmu su riƙe musu 'ya'ya. Amma mutanen da take wa aiki ba sa ganin neman kuɗin da ka kashe a matsayin rashin kunya. Su kansu haka suke yi a ofisoshinsu, su tara rasit su miƙa a biya su. Shirunta ba zai sa su ga alherinta ba, za su ɗauka ne kawai cewa ba ta kashe komai. Ki gaya mata ta zaɓi lokacin da hankalinsu ke kwance, ta kawo lissafin wata ɗaya a rubuce, ta ce tana so a sa wannan cikin yarjejeniyar aiki: ƙimar mil, da ranar da za a riƙa biya, da iyakar abin da za ta iya saye ba tare da ta tambaya ba. Da an yi haka tun ranar da ta fara da ya fi, tun ran gini tun ran zane, amma yanzu ma lokaci bai ƙure ba.

Za ta iya jin wani ya ce ai jihar Niyok har yanzu tana yarda da cire kuɗin aiki. Gaskiya ne, jihar ba ta bi tarayya a wannan canji ba, haka ma Kalifoniya da wasu jihohi kaɗan. Sai dai sharaɗin kashi 2 cikin 100 yana nan, wato a misalinmu dala 800 na farko ba a ƙirga su, saura 1,200, alhali ragin bai ɗaya na jihar ga marar aure dala 8,000 ne. Sai mai wasu manyan abubuwan cirewa, kamar ruwan bashin gida, zai ga amfanin wannan.

Akwai abubuwan da take iya samu da gaske a matsayinta na ma'aikaciya, kuma su ne ƙawar ba ta ambata ba. Dokar 2025 ta kawo ragi a kan kuɗin ƙarin lokaci daga 2025 zuwa 2028, har dala 12,500 ga marar aure. Abin da ake cirewa shi ne rabin da aka ƙara a kan kuɗin awa, ba kuɗin awar duka ba, kuma sai ƙarin lokacin da dokar ƙwadago ta tarayya ta wajabta, wanda ya shafi mai rainon da ke komawa gidanta ta kwana. Idan kuɗin awarta dala 20 ne, awar ƙarin lokaci 30 ce, to 10 ɗin nan ake cirewa. Mai 1099 da ake biya dunƙule ba ta da abin da za ta nuna a nan. Idan kuma ta shiga karatun tarbiyyar ƙananan yara a kwalejin da gwamnati ta amince da ita, akwai ragin karatu na kashi 20 cikin 100 na kuɗin makaranta, iyakarsa dala 2,000 a shekara, kuma shi daga harajin kansa ake cire shi, ba daga kuɗin shiga ba, don haka ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ta ajiye a asusun tsufa na kanta, har dala 7,000 a 2025, shi ma ana cire shi.

Kuɗin da take aiko muku ba a cire su, kuma ina so ki ji wannan daga bakina domin akwai masu cike takardu da ke yaudarar mutanenmu da shi. Ba za ta iya rubuta mahaifiya ko ƙanne da ke zaune a Nijar a matsayin waɗanda take ɗauke da nauyinsu ba, ko da ita ce ke ciyar da su ɗari bisa ɗari, domin doka ta taƙaita hakan ga 'yan ƙasar Amurka da mazaunanta da mazauna Kanada da Meziko. Duk wanda ya yi mata alkawarin kuɗi masu yawa ta wannan hanya, ita ce za ta sa hannu a takardar, kuma ita za a nema. Ta kuma sani cewa daga farkon 2026 akwai harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka aika waje idan da tsabar kuɗi aka biya a shagon aikawa, amma bai shafi wanda aka tura daga asusun banki ko da katin banki na can ba.

Idan masu gidan suka nace a kan 1099, ta fara nuna musu littafin da hukumar ta wallafa domin masu ɗaukar ma'aikatan gida, mai lamba 926, domin sau da yawa ganin abin a rubuce yana kashe maganar. Ta kuma tuna musu cewa ragin da su kansu ke nema a kan kuɗin rainon 'ya'yansu sai sun rubuta sunanta da lambarta, don haka hukuma za ta san da ita ko ta yaya. Idan duk da haka suka ƙi, tana iya cike takardar SS-8 ta nemi hukuma ta yanke hukunci a kan matsayinta, abin da kan ɗauki aƙalla wata shida, sannan ta yi amfani da takardar 8919 ta biya rabonta na kashi 7.65 kaɗai. Wannan mataki yana iya ɓata zamanta da gidan, domin hukuma za ta tuntuɓe su, saboda haka ta yi shawara da masani a can kafin ta ɗauke shi. Akwai wuraren cike takardun haraji kyauta ga masu matsakaicin samu, ƙarƙashin shirin VITA, kuma sun fi mata wanda ke karɓar kaso daga abin da za a mayar mata. Duk takardunta da rasit ta adana su aƙalla shekara uku.

Maganar ƙawar tana zama daidai a hali ɗaya, wato idan iyaye ne ke kawo yara gidanta, ita ke yanke farashi da lokacin buɗewa da rufewa, kuma tana karɓar 'ya'yan gidaje daban-daban. Wannan sana'a ce tata, kamar ta ɗan kabu-kabun nan, kuma tana cire abincin yara da kayan wasa da inshora, har da wani kaso na kuɗin haya da wuta gwargwadon fili da awoyin da aikin ya ci. Wataƙila haka ƙawar take yi, shi ya sa ta ga abin ya yi mata amfani. Irin wannan gida yana buƙatar rajista da izinin jiha idan yaran sun yi yawa.

Game da yarinyar da ke rainon jikokinki a nan, tsarinmu daban ne, kuma daga Faransa muka gaje shi. Lanhon albashi, wanda ake kira ITS, mai biyan albashin ne ke cire shi tun daga tushe, kuma ma'aikaci ba ya kawo rasit, sai dai a rage masa kashi 10 cikin 100 kai tsaye a matsayin kuɗin hidimar aiki, bayan an cire rabonsa na asusun fansho da walwalar ma'aikata, CNSS, kashi 5.25. A jadawalin da muka daɗe muna aiki da shi, lanhon yana farawa daga kashi 1 a kan jika 25 na farko a wata, ya riƙa hawa har kashi 35. Mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu sefa 42,000 ne tun Janairun 2024, kuma idan aka bi lissafin a kansa, lanhon da zai fito bai kai sefa 500 ba, wato bai kai dala ɗari da ƙirgarmu ba. Don haka a wurinta babu wani ragi da ya cancanci a bi. Abin da ya shafe ta shi ne wanda ya shafi ƙanwarki, kuma a wannan karon ke ce masu gidan: kuɗin kabu-kabun da take biya idan ta kai yaro asibiti, da ƙosai ko alewar da take saya musu a hanyar makaranta, naki ne ba nata ba, ki ware mata su daban da albashinta tun farkon mako. Idan kuma zamanta da ku mai ɗorewa ne, ki je ofishin CNSS na nan Damagaram ki yi mata rajista. Rabon mai ɗaukar aiki kashi 16.40 ne cikin 100, wanda a kan albashin sefa 42,000 bai kai jika bakwai a wata ba.